Ku Tambayi Injiniya: Ana haƙa rami a ƙarƙashin unguwarmu

Huɗu daga cikin wasiƙun wannan watan a kan abu ɗaya suke, wato aikin haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar gari, irin wadda jirgin ƙasa ko babban bututun ruwa ke bi. Na yi shekaru ina aikin kula da muhalli a irin waɗannan wurare, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganin wata matsala yakan haifo wata. Shi ya sa na haɗa wasiƙun wuri guda, na kuma taƙaita su.

Tambaya: Injiniya, gidanmu yana kallon inda suka haƙa wata ƙatuwar rijiya da suke fito da ƙasar ramin ta cikinta. Sau biyu nake goge taga a rana, ga shi ɗana mai shekara shida yana da asma. Na ga suna fesa ruwa a bakin ƙofarsu safe da yamma. Wannan ya wadatar? Kuma an ce mini ƙurar dutse tana kisa. — Wata uwa

Amsa: 'Yar uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Bari in fara da abin da ya fi tsorata ki.

Gaskiya ne ƙurar dutse tana kisa. Akwai wani sinadari a cikin yashi da duwatsu masu tauri irin su giranit, ana ce masa silika. Idan aka huda dutsen a bushe, sai ya fito da gari mai laushin gaske, ya wuce hanci da maƙogwaro ya zauna a can cikin huhu. Jiki ba ya iya narkar da shi, sai dai ya yi ta lulluɓe shi da tabo har huhun ya sandare. Cutar ba ta warkewa. A 1930 an fara haƙa wani rami mai suna Hawks Nest a jihar West Virginia ta Amurka, tsawonsa kusan kilomita 5, don karkatar da kogi zuwa tashar lantarki. An huda dutsen a bushe saboda hakan ya fi sauri, kuma ɗaruruwan leburori, akasarinsu baƙaƙen fata, suka mutu, wasu ma tun kafin a gama aikin. Yau dokar Amurka, tun daga 2016, ta ce kada irin wannan ƙura ta wuce maikirogiram 50 a cikin kowace kubik mita ta iska (wato akwati mai mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi) a tsawon aikin awa 8. Idan aka zuba miki wannan adadin a tafin hannu, da ƙyar za ki gan shi.

Sai dai wannan haɗarin ya fi kan waɗanda ke cikin ramin, inda iska ke tsare kuma ƙurar ke da kauri. Ku da ke waje damuwarku daban ce, kuma ba ƙarama ba ce ga mai asma.

Abin da kike gogewa a taga ita ce ƙura mai nauyi, wadda ta gaji ta sauka. Wadda ke tayar wa yaronki da tari ba ta sauka da wuri. Kaurin gashin kai guda ya kai kimanin maikiron 70, ita kuwa wadda ke shiga ƙirji ba ta wuce maikiron 10 ba, hayaƙin dizal kuma ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a nan ido bai san komai ba.

Ga wani abu da maƙwabta ba su cika sani ba. Ƙasar da injin haƙa ke fitowa da ita daga rami, galibi a jiƙe take, wani lokaci ma kamar kunu. A haka ba ta ƙura. Tana zama ƙura ne bayan an tara ta a fili rana ta busar da ita, ko bayan tayar tifa ta kwaso taɓo ta shimfiɗa shi a kan titi, ya bushe, motocin gari su yi ta niƙa shi. Na taɓa bin sawun tayar tifa da ƙafa daga ƙofar wani wurin aikinmu. Layi biyu ne ja-ja-ja a kan kwalta, suna dusashewa a hankali, kuma sai da na wuce mahaɗar hanya ta biyu kafin suka ɓace. Duk tsawon nan mu ne muka yi wa mutane ƙura, alhali a cikin shingenmu ƙasa a jiƙe take sharkaf.

Don haka fesa ruwa a bakin ƙofa, shi kaɗai, yana iya ƙara dagula lamarin: ruwa ya yi yawa, taɓo ya ƙaru, taya ta ƙara kwasa. Abin da za ki duba shi ne, akwai wurin wanke taya da ƙarƙashin mota kafin ta fito? Daga wurin wankin zuwa ƙofa an zuba kankare ko kwalta, ko kuwa motar tana sake bi ta cikin laka? Tifofin a rufe suke da tamfol? Tulin ƙasar a cikin rumfa yake ko a fili? Idan suna share titi, da motar shara mai ruwa da tsotso suke yi, ko da busasshiyar tsintsiya? Tsintsiyar nan tayar da ƙurar kawai take yi ta mayar muku da ita hanci.

Feshin ma kala-kala ne. Manyan ɗigon ruwa daga tiyo suna ture iska ne, ƙaramar ƙura ta kauce musu ta wuce. Abin da ke kama ta shi ne feshi mai laushi kamar hazo, kuma a daidai inda take tashi, wato inda bel mai ɗauko ƙasa ke zubar da ita da inda ake loda tifa.

Ki kuma nemi sanin inda bakin bututun iskar ramin yake. Ana tura iska mai kyau ciki da manyan fanka, gurɓatacciyar kuma dole ta fito ta wani wuri. Ya kamata ta bi ta matata kafin ta fito, kuma kada bakin ya kalli tagar kowa.

Ke kuma a gida, ki riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, ki rufe tagogin da ke kallon aikin a lokutan da tifofi suka fi zirga-zirga, ki mayar da shimfiɗar yaron ɗakin da ya fi nisa da titi in da hali. Ki sami littafi ki riƙa rubuta ranar da asmar ta tashi da abin da ake yi a wurin a ranar, ki nuna wa likitansa. Wurin aiki mai tsari yana da na'urar auna ƙura a jikin shinge, wadda ke aika wa manaja saƙo a waya idan ƙura ta haura. Ki tambaye su sakamakonta. Idan suka ce ba su da ita, ki sa wannan ma a littafin, ki kai wa hukumar da ta ba su izinin aikin.

Tambaya: Ni lebura ne a cikin rami, muna fesa kankare a bango. Ana ba mu takunkumi, amma ina da gemu, kuma in na cire shi nakan ga fari-fari a gefen hancina. — Wani ma'aikaci

Amsa: Ɗan uwa, farin nan da kake gani shaida ce cewa ƙura tana shiga ta gefe. Takunkumin da ke manne wa fuska ba ya aiki a kan gashi, ko da tsiron kwana biyu ne, domin iska ta fi son hanya mai sauƙi. Ba dole sai ka aske ba. Akwai hular kwano mai rufe fuska, da ƙaramar fanka mai batir da ake ɗaurawa a ƙugu, tana tace iska tana hura maka ita. Ba ta buƙatar mannewa. Ka nemi a ba ka ita.

Ka kuma duba yadda kuke fesa kankaren. Idan busasshen haɗi ake turowa ta tiyo, ruwa ya same shi a bakin feshi, ƙurar tana da yawa ƙwarai. Idan an kwaɓa shi tun daga sama aka turo shi a jiƙe, tana raguwa sosai. Takunkumi shi ne kariya ta ƙarshe. Kafin a zo kansa akwai huda dutse da ruwa, akwai isasshiyar iska, akwai matatar hayaƙi a kan injinan dizal. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta saka ƙurar silika cikin abubuwan da ke jawo kansa tun 1997, hayaƙin dizal kuma a 2012. Ka nemi a riƙa gwada maka huhu lokaci-lokaci, tun kafin ka fara jin numfashi na yi maka wuya.

Tambaya: Malam Injiniya, me ya hana su dakatar da aiki da dare? Ƙara biyu ke hana ni barci: wani gunji da ba ya tsayawa, da kuma "pip-pip-pip" na motoci. Kwanan nan kuma ina jin kamar ƙasa na gurnani a ƙarƙashin gadona. Gidan zai tsage ne? — Wani dattijo mai ritaya

Amsa: Baba, sannu da haƙuri. Abubuwa uku ka ambata, kuma kowanne da maganinsa.

Shi injin haƙan, wanda ke can ƙasa, ba a son tsayar da shi a ƙarƙashin gidaje. Yana tafiya ne yana tokare ƙasar da ke gabansa da matsi, a bayansa kuma ana jera zoben kankare ana cike giɓin da ke tsakaninsa da ƙasa. Yawan tsayawa da tashi yana ba ƙasa damar saki, kuma sakin nan ne ke sa gini ya nutsa. Fankar iska da injin janye ruwa su ma ba sa hutawa muddin akwai mutane a ciki. A Landan, injuna 8 ne suka haƙa kilomita 42 na layin jirgin ƙasa na Crossrail daga 2012 zuwa 2015, kuma dare da rana suka yi.

Amma wannan ba hujja ba ce ta a yi komai da dare. Fasa kankare a sama, sauke ƙarafa, loda tifa, duk suna iya jiran safiya. Ana iya tara ƙasar dare a cikin rumfa a kwashe da rana. Ɗan kwangila yakan fake da "injin ba ya tsayawa" ya shigar da ayyukan da babu ruwansu da injin. Na zauna a tarurrukan da aka yi hakan, kuma da wuya a rasa abin da za a cire daga jerin aikin dare idan maƙwabta sun nace a karanta musu shi ɗaya bayan ɗaya.

Gunjin da ba ya tsayawa, ina kyautata zaton fankar iska ce ko janareta. Ka ga abin da na faɗa a farko: fankar da ke ceton huhun lebura ita ce ke hana ka barci. Ana saka mata salansa gaba da baya, a kuma sa ta cikin akwati mai rufin da ke shanye ƙara. A biranen Sidni da Melbon na Ostareliya sukan gina ƙatuwar rumfa a kan bakin ramin gaba ɗaya, ta haɗiye injin ɗaga kaya da tulin ƙasa da wurin lodi, sai ta tare ƙara da ƙura a lokaci guda. A ganina babu abin da ya fi wannan a unguwar da ke da cunkoso, duk da tsadarsa.

Shingen da ke zagaye da wurin yana taimakawa ne kawai idan ya tare maka ganin injin. In kana hango shi daga tagar bene, to ƙararsa ma tana hango ka. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: 'yar tazara a ƙasan shinge ko ƙofar da aka bari a buɗe ta isa ta ɓata aikin shingen.

"Pip-pip" ɗin nan ƙararrawar ribas ce, kuma ita ce mafi sauƙin gyara. Akwai wata irinta mai sautin "shh-shh", wadda wanda ke bayan motar yake ji sarai amma ba ta tafiya nesa. Ana kuma iya tsara hanyar cikin wurin ta zama zagaye, yadda mota ba za ta yi ribas ba sam.

Idan za ka je wurinsu, ka riƙe wannan lissafin, don kada a ruɗa ka da lambobi. Ma'aunin ƙara, wato desibel, ba ya tafiya kamar ƙidaya. Inji biyu masu desibel 80 kowanne, in sun haɗu 83 suke bayarwa. Idan aka ninka nisan da ke tsakaninka da inji a fili, ƙara tana raguwa da kimanin 6. Sai an rage 10 ne kunne ke jin kamar an raba ta biyu. Saboda haka wanda ya ce maka "da 5 kawai muka haura" bai faɗi ƙaramin abu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙara mai ɗorewa ta wuce desibel 30 a cikin ɗakin barci. Ka kuma tambaye su ko matsakaicin dare suke aunawa ko har da ƙololuwa, domin ƙarfe ɗaya da ya faɗi da ƙarfe uku na dare ba ya motsa matsakaici, amma ya tashe ka.

Gurnanin ƙarƙashin gado kuwa, injin ne ke wucewa. Jijjigarsa tana bi ta ƙasa ta shiga harsashin gini, bango ya mayar da ita sauti. Yakan ci mita goma ko ashirin a rana gwargwadon irin ƙasar, don haka cikin kwanaki ko mako biyu zai yi nisa. Jikin mutum yana jin jijjiga tun tana ƙasa ƙwarai da wadda ke tsaga bango. Abin da ake sa wa ido shi ne nutsewar ƙasa, kuma akan manna ƙananan alamomi a jikin gine-gine ana auna su. Ba a fafe gora ranar tafiya, ya kamata a ce sun zo sun ɗauki hoton bangonka tun kafin injin ya iso. In ba su yi ba, ka ɗauka da kanka yau, kowane tsagi da tsabar kuɗi ko rula a gefensa, da kwanan wata.

Tambaya: Ina karatun injiniya, kuma ina bi ta gefen wani wurin aiki. Na ga tiyo yana zubar da ruwa fari kamar madara a cikin kwata. Mai gadi ya ce ruwan ƙasa ne kawai. Haka ne? — Wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila da ya shigo ramin ruwan ƙasa ne, amma kafin ya fito ya bi ta kan sabon kankare, ya wanke garin dutse, ya kwashi mai da giris daga injuna, ya haɗu da ruwan da aka kashe ƙura da shi da na wankin taya. Duk ƙurar da muka hana ta shiga iska, ga ta nan a cikinsa.

Lakar ita ce ake gani. Tana toshe kwata, in ta kai rafi kuma ta lulluɓe ƙasansa ta toshe wa kifi hanyar numfashi. Wanda ba a gani shi ne kaifin siminti. Ruwan da ya taɓa ɗanyen siminti yakan kai 12 a ma'aunin pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata ga asid (ƙasa da 7) ko ga kaifi irin na soda (sama da 7), alhali ruwan sha yana wajen 7, kuma yawancin izinin zubar da ruwa tsakanin 6 da 9 suke tsayawa. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Irin wannan ruwan yana ƙona fata kamar soda. Idan kuma da nakiya ake fasa dutsen, ragowarta tana barin amoniya a cikin ruwan, kuma amoniya ta fi zama guba ga kifi daidai lokacin da pH ya yi sama.

Yadda ake gyara shi ba wani sirri ba ne. A fara da tankin da yashi zai kwanta, a yaɗe man da ya taso sama. Garin da ya yi laushi ba ya kwanciya ko an jira shi kwana uku, sai an zuba masa sinadari dangin alif, wanda ke sa shi ya dunƙule. Ki gwada da kwalba biyu a ɗakin gwajinku: ɗaya ki bar ta, ɗaya ki ɗiga mata sinadarin ki juya a hankali. Cikin 'yan mintoci za ki ga ƙananan curi kamar auduga suna sauka, sama ya washe, ɗayar kuwa tana nan fara fat. Daga nan a sauko da pH. Wasu da asid suke yi, ni na fi son iskar kabon dayoksaid, domin ko an zarce da ita ba ta jefa ruwan can ɓangaren asid sosai, kuma babu jarkar asid da za ta fashe wa lebura a ƙafa. Lakar da ta kwanta a matse ta ta zama dunƙule a kwashe da mota. Ruwan da ya washe a mayar da shi wurin wankin taya da feshin ƙura, ragowar kaɗai ake zubarwa, da izini.

Wani lokaci gubar tana cikin abin da aka kawo don tsayar da ruwan. A 1997, a ramin jirgin ƙasa na Hallandsas da ke Suwidin, an yi amfani da wani sinadarin toshe yoyo mai ɗauke da wata guba da ake kira akirilamaid. Ya bi ruwa ya shiga rafuka, kifaye suka mutu, shanun da suka sha suka shanye, aka kuma sami alamun lalacewar jijiya a jikin ma'aikata. Ramin da aka fara a 1992 bai buɗe ba sai 2015.

Kada kuma ki ɗauka samun na'ura shi ne ƙarshen magana. A wani aiki da na yi, allon matatarmu ya nuna pH 7.4 tsawon kwanaki, lambar ba ta ko motsi, ni kuma ina ta rubuta ta ina jin daɗi. Wata rana da asuba, bayan an kwana ana fesa kankare, wani dattijo mai kula da injin ruwa ya miƙo mini hannunsa ya ce ruwan yana santsi kamar sabulu. Na tsoma takardar gwaji a bakin tiyo, ta fito shuɗiya mai duhu, wajen 12. Muka ciro sandar awon daga tanki, sai ga ta lulluɓe da ɓawon siminti kamar an yi mata fenti. Ta daɗe ba ta taɓa ruwa ba. Muka rufe bawul, muka kira tankoki, ni kuma na zauna na rubuta wa hukuma rahoton da ban so rubutawa ba. Tun daga ranar nake yawo da takardar gwaji a aljihu, kuma lambar da ba ta motsi ta fi tayar mini da hankali a kan wadda ta haura.

Kada ki sa hannu a ruwan nan. Ki ɗauki hoto da bidiyo yadda za a ga tiyon da inda ya fito, ki rubuta rana da lokaci, ki duba allon da ke ƙofar wurin don sunan mai aikin da lambar koke, sannan ki kai wa hukumar muhalli ko ta magudanan ruwa. Idan malaminku zai ba ki safar hannu da kwalba mai tsabta, ki ɗebi samfur ki rufe shi sosai ki auna a ranar, domin in ya kwana a buɗe iska za ta sauko da pH ɗinsa.